Wata Huɗu A Kan Teku: Yadda Ake Zama Cikin Jirgin Zagaya Duniya

 Wata yarinya 'yar aji shida ce ta jawo maganarmu ta wannan mako. Muna cikin darasin labarin ƙasa, na rataye taswirar duniya ina nuna musu tekuna, sai na ce akwai jiragen ruwa da ke kwasar mutane su zagaya duniya da su, su yi wata uku ko huɗu kafin su komo gida. Yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to in gari ya waye me suke yi? Ba kasuwa, ba gona, ba gidan maƙwabta." 'Yan aji suka fashe da dariya. Ni kuwa na ga tambaya ce ta mai hankali, na ce ta ba ni mako guda. Abin da na tattaro mata shi ne na ga ya kamata ku ma ku ji.

Tafiya cikin jirgin ruwa ba baƙon abu ba ne wurin kakanninmu. Kafin jirgin sama ya yawaita, galibin masu zuwa Ingila karatu daga ƙasar nan jirgin ƙasa suke bi zuwa Ikko, sa'an nan su shiga jirgin ruwa a Apapa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, fari ne mai bututun hayaƙi rawaya, ya fara aiki a 1951. Yakan yi kamar mako biyu tsakanin Ikko da Libaful, yana yada zango a Gana da Saliyo da Las Palmas. A 1974 ya daina wannan hanya, wani attajiri Bagirke ya saye shi aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata, daga bisani aka farfasa shi a Indiya a 2001. To amma mutanen Aureol matafiya ne masu inda za su, alla-alla suke yi su sauka. Waɗanda nake ba ku labari kuwa zaman jirgin shi ne abin da suka biya kuɗi dominsa.

An daɗe ana irin wannan yawo. A watan Nuwamba na 1922 jirgin Laconia na kamfanin Cunard ya tashi daga Niyok ya zagaya duniya cikin kwana 130, ya tsaya a tashoshi 22. Har yanzu kamfanin nan yana wannan al'ada, kuma jirginsa Queen Mary 2 shi zan riƙa ba da misali da shi. An ƙera shi a Faransa, ya fara aiki a watan Janairu na 2004. Tsawonsa mita 345, yana ɗaukar fasinja fiye da 2,600 da ma'aikata wajen 1,250. Ku ƙiyasta, wannan ai ya fi ƙauyuka da yawa jama'a. In zai yi doguwar tafiya yakan bar Southampton ta Ingila cikin Janairu, lokacin da sanyi ya matsa wa Turawa, ba ya komowa sai wajen Mayu.

Ranar da aka shiga, abin da ake fara koya wa mutum shi ne yadda zai tsira da ransa. Kowane fasinja, tsoho da yaro, sai ya san inda rigarsa ta ceto take, ya san wurin da zai je ya tsaya in an yi ƙararrawar haɗari, watau busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa. A da wasu jiragen kan bari sai an yi nisa kafin a yi wannan darasi. A ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya 'yan sa'o'i bayan tashinsa, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka shiga a ranar ba a riga an koya musu komai ba. Tun daga nan aka gyara doka, sai an yi darasin kafin jirgi ya tashi ko kuwa da tashinsa nan take.

Daga nan sai ɗaki. Ɗakunan iri-iri ne, gwargwadon aljihun mutum. Akwai masu falo da baranda da ma'aikaci na musamman, akwai kuma na can ciki waɗanda ko taga ba su da ita, faɗinsu kamar ƙafa 12 ne da 13, in kin kashe fitila ba ki sanin dare ne ko rana sai kin dubi agogo. Ana ba kowa wani ɗan kati, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne kuma kuɗi, duk abin da kika saya a kansa ake rubutawa, sai ƙarshe a kawo miki lissafi. Uwargida, ga abin da zai ba ki haushi: ba a kunna wuta kowace iri a ɗaki. Ba kyandir, ba risho, ba dutsen guga, balle kasko da gawayi. Turaren wutanki sai dai ki bar shi gida. A kan teku ba abin da matuƙa ke tsoro kamar gobara, don ba 'yan kwana-kwana da za su zo daga wani gari, ba kuma waje da za a fita a tsaya.

Wani abu da na yi ta tunani a kansa shi ne zaman mata da miji a irin ɗakin nan. A wurinmu maigida ya karya kumallo ya fita, sai azahar ko magariba, ke ma kina da naki sha'anin, kowa ya sha iska. A can kuwa kwana 100 da ɗoriya kuna ɗaki guda, kuna cin abinci tebur guda, in an sami saɓani ba gidan iyaye, ba ƙawa ta kusa da za a kai wa kuka. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ina jin shi ya sa masu jirgin ke cika rana da abubuwan yi barkatai, don mai gida ya nufi gabas uwargida ta nufi yamma, su haɗu da dare kowa da labarin da zai bayar.

Kowane dare akan sa wata takarda a ɗaki mai ɗauke da tsarin gobe, kamar jadawalin darussa na makaranta, daga safiya har tsakar dare. Masu sammako su fito hawa na bakwai inda aka yi wata farfajiya ta katako da ta kewaye jirgin, su yi ta zagayawa, zagaye uku ya ɗan fi mil guda. Bayan karin kumallo sai azuzuwa. Wannan ajin zane ne da fenti, wancan na koyon rawa, can ana karta, can kuma ana gasar tambayoyi. Akan gayyato masana su ba da lacca a kan tarihi ko taurari ko ƙasar da za a sauka jibi. Fasinjoji kan haɗa ƙungiyar waƙa, su yi ta bita har ranar da za su yi wa sauran wasa. Mata masu saƙa da ɗinki su ma suna da lokacinsu da kusurwarsu, kowa ta zo da ƙwaryar zarenta, hannu na aiki baki na aiki, kamar dai tsakar gida da hantsi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, ni da nake fama da yara 5 a kan littafi ɗaya, shi ne ɗakin karatun jirgin. Littattafai fiye da 8,000 ne a ciki, cikin kabad-kabad masu ƙofar gilashi don kada su zubo in ruwa ya yi tsanani, ga kujeru suna fuskantar teku. Akwai kuma wani zaure da ake saukar da rufi mai kamar ƙwarya a kife, a haska taurari a cikinsa, mutum na kishingiɗe yana kallon sararin sama da rana tsaka. Har karnuka da kyanwoyi an yi wa masauki mai ɗaki 24, don masu ƙetare Atlantika da dabbobinsu, da ma'aikacin da ke kula da su, har an kafa musu turken fitilar titi da aka kawo daga Libaful don kada su yi kewar gida. Da na gaya wa 'yan ajina wannan sai wani yaro ya ce shi a kai shi ko a matsayin kare ne.

Da ƙarfe 12 na rana jirgi ya yi busa, sai kyaftin ya yi magana ta lasifika kowa na ji. Ya faɗi inda ake, da nisan da aka yi tun jiya, da zurfin ruwan da ke ƙarƙashi, da yadda iska za ta kasance. Mai jin wannan zai ce ƙaramin abu ne. Amma ga wanda ya yi kwana 5 bai ga ko tsuntsun tudu ba, ko'ina ya duba ruwa ne ya haɗe da sama, wannan magana ita ce ke tabbatar masa lalle ana tafiya, ba a wuri ɗaya aka tsaya ba. Ƙetare Atlantika daga Southampton zuwa Niyok dare 7 ne ba tsayawa, tekun Fasifik kuwa ta fi ta faɗi nesa.

'Yan makaranta, ku matso, ga darasi. Agogo ba ya zama wuri ɗaya a cikin jirgi. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, an kuma kasa kewayenta kashi 360, saboda haka duk kashi 15 da aka ci awa guda ke nan. Niyok tana bayan Ingila da awa 5. To in jirgi ya nufi yamma, dare 5 cikin 7 ana mai da agogo baya da awa ɗaya, ranar ta zama awa 25, kowa ya ƙara barci. In gabas aka nufa sai a riƙa tura shi gaba, rana ta zama awa 23, a yi ta hamma. Wanda ya yi ta bin yamma har ya kewaye duniya ya ci ribar awa 24 ke nan, kuma sai ya biya. Inda ake biya shi ne wani layi da aka shata a taswira tsakiyar Fasifik. In jirgi ya ƙetare shi yana tafiya yamma sai a tsallake rana guda cur, a kwanta ran Litinin a tashi ran Laraba. Wadda ranar haihuwarta ta faɗo Talatar nan, bana sai haƙuri. In kuwa gabas aka nufa, rana ɗaya za a maimaita sau biyu. Ku gwada da lemo da fitila a gida, za ku gane.

Akwai kuma wasan da ake yi ranar da aka ƙetare layin da ya raba duniya kudu da arewa. Tsohuwar al'adar matuƙa ce. Wani ma'aikaci ya yi shigar sarkin teku na tatsuniyoyin Turawa, da gemun ƙarya da mashi mai baki uku, a gurfanar da waɗanda ba su taɓa ƙetarewa ba a gabansa, a karanta musu laifuffukan wasa, a sa su sumbaci ɗanyen kifi, a shafe su da miya da taliya, a tura su cikin kwamin wanka. Manyan mutane masu jikoki ke rububin a yi musu haka, har a ba su takardar shaida. Ba dole ba ne, mai so shi ke ba da sunansa.

Batun abinci kuwa, ba a cewa komai. Tun asuba har dare akwai inda ake ci, kuma kuɗinsa yana cikin kuɗin tafiya, ban da abin sha na kwalba da wasu ɗakunan cin abinci na musamman. Burodi a cikin jirgi ake gasa shi da dare, ganye da 'ya'yan itace kuwa a tashoshin da aka tsaya ake lodinsu. Da ƙarfe 3 da rabi akan yi shan shayi irin na Ingilishi a babban zaure, masu rabawa sanye da farar safar hannu, makaɗa na kiɗa a hankali. Wadda ba ta cin kowane irin nama sai ta sanar tun lokacin sayen tikiti a yi mata tanadi, in ba haka ba kifi da ƙwai da ganye ba sa yankewa. Amma ku lura, har a wurin ci akwai bambanci. Irin ɗakin da kika biya shi ke nuna zauren da za ki ci abincin dare, masu manyan ɗakuna suna da nasu inda saura ba sa shiga. An daina kiran abin faskila da sikinkila, amma yana nan.

Ruwan sha fa? Teku ai gishiri ce. A cikin jirgin ake dafa ruwan teku da zafin injuna, a tare tururin ya koma ruwa mai daɗi, ana samun wajen lita miliyan ɗaya kowace rana. Duk wadda ta taɓa bin layin famfo da asuba ta san abin da wannan adadi yake nufi.

Yanzu bari in kai ku inda na tabbata 'yar ajina za ta sami gidan maƙwabtan da take nema, watau ɗakin wanki. Ana iya ba ma'aikata wanki a biya, amma wata huɗu ana biya ai sai aljihu ya yi kuka, saboda haka akwai 'yan ƙananan ɗakuna da aka sa injunan wanki da na busarwa da teburin guga, kyauta, har da sabulu. Injunan kaɗan ne, masu so da yawa. Nan ake haɗuwa, nan ake jira, nan ake jin wanda ya yi faɗa da matarsa jiya, da wadda ta sa riga ɗaya sau uku, da wanda aka sauke a tashar baya don rashin lafiya. Nan kuma ake rigima, don wata ta zuba kayanta ta tafi shan shayi ta manta, wata ta gaji da jira ta kwashe mata su ta tara a kwando, mai kaya ta dawo ta ce wa ya taɓa mata tufafi. Matan da suka biya dubban fam ke nan suke cacar baki a kan injin wanki. Da na karanta haka sai na ji hankalina ya kwanta, ashe abin da ke faruwa a bakin rijiya da wurin injin niƙa ba talauci ke kawo shi ba, hali ne na 'yan Adam in an tara su wuri ɗaya.

Da dare kuma sai ado. Wasu darare na musamman ne, maza su sa baƙar kwat, mata dogayen riguna, kuma an yarda mutum ya sa kayan ƙasarsa na fita kunya, saboda haka leshi da gwaggwaro ba za su ji kunya a wurin ba. Akwai wasan kwaikwayo, da silima, da makaɗa, da rawa irin tasu ta mace da namiji. Da yake mafi yawan masu doguwar tafiyar nan tsofaffi ne da suka yi ritaya, kuma da yawa cikin matan mazansu sun rasu, kamfanin ya daɗe da al'adar ɗaukar wasu dattawa waɗanda aikinsu shi ne su taya matan da ba su da abokin rawa. Abin ya fara ba ni dariya, daga baya ya ba ni tausayi. An yi wata tsohuwa Ba'amurkiya da mijinta ya rasu suna cikin jirgin Queen Elizabeth 2 a 1999, ta koma gida ta sayar da kayanta ta dawo jirgin da zama, ba ta bar shi ba sai da aka daina tafiya da shi a 2008. Jirgin yana Dubai yanzu an mai da shi otal. Ita dai ta sami inda za a gaishe ta da sunanta kowace safiya, a kuma lura in ba ta fito ba.

Ranar da aka iso tasha, jirgi kan shiga da safe ya tashi da yamma, wani lokaci ya kwana ɗaya. A sauka a shiga motoci, a kai mutane su ga gidan tarihi da kasuwa, su ɗauki hoto, su sayi tsaraba, a komo. Wanda ya fita yawonsa shi kaɗai ya makara, jirgi ba ya jiransa, sai ya nemi hanyar da zai tarar da shi a ƙasa ta gaba da kuɗin aljihunsa. Wani jirgi mai suna Serenade of the Seas ya tashi daga Miyami a Disamba 2023 ya yi dare 274, ya taɓa ƙasashe fiye da 60, ɗaki mafi araha ya haura dala 50,000 kowane mutum. A ganina dai wanda ya yi awa 8 a ƙasa bai isa ya ce ya san ta ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hanyar ma ba kullum take tabbata ba, a 2024 jirage da yawa sun kauce wa Bahar Maliya saboda hare-haren da ake kai wa jiragen ruwa, suka zagayo ta kudancin Afirka, garuruwan da aka yi wa mutane alkawari suka bi ruwa.

Ba kullum ake jin daɗi ba. In teku ta tashi, duk da wasu fukafukai da ke fitowa ta ƙarƙashin jirgi suna rage tangaɗi, jiri da tashin zuciya kan kwantar da mutane, a ga zauren abinci fayau. Masu jirgi kan ba da shawarar a fito a sha iska a riƙa duban nesa inda ruwa ya haɗu da sama, a kuma tauna citta. Akwai asibiti da likita da nas-nas, amma da kuɗi ake ganinsu, kuma har ɗakin ajiye gawa akwai, gama tafiyar wata huɗu da tsofaffi sai an yi shirin haka. Galibin kamfanoni ba sa ɗaukar mace in cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiya, jariri kuwa sai ya shekara kafin a ƙetare babbar teku da shi, don ba kayan karɓar bakwaini a jirgi. Cutar amai da gudawa tana yaɗuwa da sauri a wurin da dubban mutane ke kama ƙarfen matakala ɗaya, shi ya sa ake tsare kowa a ƙofar zauren abinci sai ya tsabtace hannu, wanda ya kamu kuma a killace shi a ɗakinsa. A Fabrairu 2020 aka tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki saboda cutar korona, fiye da 700 suka kamu. Ku tuna da waɗancan ɗakuna marasa taga, ku ƙiyasta mako biyu a ciki an hana fita.

Duk wannan da na faɗa rayuwar sama ce. A ƙasan jirgi akwai wani garin, na masu aiki. Da yawansu mutanen Filifin ne da Indiya da Indunisiya da gabashin Turai da Afirka ta Kudu, maza da mata. Su ne kuku, su ne masu gyaran gado, da wanki, da goge-goge, da kula da injuna. Sukan yi wata 6 zuwa 9 a jere kafin su je gida, kuma a tsawon wannan lokaci ba Lahadi ba Juma'a, kullum ranar aiki ce. Dokar ma'aikatan teku ta duniya ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce lalle a ba su hutun awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako, kun ga sauran sa'o'in duk ana iya cika su da aiki. Suna kwana bibbiyu a ɗan ɗaki mai gado sama da ƙasa, suna da nasu wurin cin abinci da nasu matakala, ba a son a gan su suna zaune inda fasinja ke zama. Akwai wani kuɗi da ake ƙara wa kowane fasinja kullum a lissafinsa don a raba musu, wasu fasinjojin kuma sukan je su ce a cire.

Matan cikinsu su na fi tunawa. Da yawa sun bar 'ya'ya wurin kakanni, suna aika kuɗin makaranta duk wata, sai an iso tasha su ruga inda za su sami intanet mai araha su ga fuskar yaran ta waya. Mace ta gyara ɗaki goma sha wani abu safe da yamma, ta yi wa kowa murmushi, ta riƙe sunan kowa, alhali yaronta ya fara tafiya ba ta gani ba. Ita ma ta zagaya duniya, sau nawa ma, amma abin da ta fi gani shi ne zanen gado.

Sai dai ba gyaran gado kaɗai mata ke yi a teku ba, wannan kuma don ku ne 'yan makaranta. A 2007 wata 'yar Suwidin, Karin Stahre-Janson, ta zama mace ta farko da ta riƙe babban jirgin yawon shaƙatawa. A 2010 kamfanin Cunard ya naɗa Inger Klein Thorhauge kyaftin, mace ta farko a tarihinsa, bayan shekara 170 da kafuwarsa. A 2016 kuma Belinda Bennett ta zama baƙar mace ta farko da ta zama kyaftin a irin waɗannan jirage. 'Yar wani ɗan tsibiri ce mai suna Saint Helena a kudancin Atlantika, ta fara koyon aiki tana da shekara 17 a jirgin da ke kai wa tsibirinsu kaya da wasiƙu, ta yi shekara fiye da 20 tana hawa mataki-mataki tana cin jarrabawa. Aikin lissafi yake so da kimiyya da labarin ƙasa da Turanci. A ƙasar nan ma akwai makarantar koyon aikin jirgin ruwa a Oron ta jihar Akwa Ibom, kuma tana ɗaukar mata.

Daren ƙarshe kowa ya ɗaure kayansa ya ajiye a bakin ƙofa, ma'aikata su kwana suna jidar akwatuna zuwa ƙasa. A yi musayar adireshi, a yi koke-koke, har waɗanda suka yi faɗa a ɗakin wanki su yafi juna. Da safe a sauka rukuni-rukuni. Kafin azahar an cire zannuwa an shimfiɗa sababbi, an goge madubi, an share duk alamar wanda ya yi wata huɗu a ɗakin, gama sababbin fasinja suna nan tafe, kuma sau da yawa da yammar ranar jirgin zai sake tashi.

Na karanta wa 'yan ajina wannan duka ran Alhamis. Da na gama na tambayi mai tambayar ko ta gamsu. Ta ce ta gamsu, amma tana so in sake yi musu bayanin Talatar nan da ke ɓacewa, don ta gaya wa babanta ya ce ƙarya ne. Gobe zan tafi da lemo da tocila.